Ruwan da Bai Sauka a Barnawa Ba

Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Barnawa kafin abin da zan faɗa ya faru. Ban yi jami'a ba. Takardar malanta mai daraja ta biyu gare ni, sai wani kwas na wata uku da aka tura mu a kan kayan gwaje-gwaje. Abin da na sani ba shi da yawa, amma na san shi a jere, kuma a jere nake koyar da shi.

A bayan ajin 'yan shekara ta uku akwai ɗan fili da na kewaye da waya saboda awaki. Abu uku ne a ciki. Akwai farin akwati mai ƙafafu wanda iska ke ratsawa, a cikinsa ma'aunin zafi yake. Akwai kibiyar ƙarfe a kan dogon sanda, mai nuna inda iska ta fito. Sai ma'aunin ruwan sama: gwangwanin tagulla da aka kafa a ƙasa, da mazurari a bakinsa, da kwalba a cikinsa. Kullum ƙarfe takwas na safe a kan juye abin da kwalbar ta tara a cikin gilashi mai lambobi, a karanta, a rubuta a littafi. A saman kowane shafi na littafin, da hannuna na rubuta "Ruwan Kaduna", na ja layi biyu a ƙasansa.

A shekarar, wata yarinya 'yar aji uku ce ke riƙe da littafin. Iyayenta mutanen Filato ne, suna zaune a Unguwar Boro, mahaifiyarta tana aiki a masaƙa a Kakuri. Na zaɓe ta ne don rubutunta a tsaye yake, kuma takan durƙusa ta daidaita idonta da lambar gilashin kafin ta karanta, ba ta leƙa daga sama kamar sauran.

Ni ne kuma malamin ladabtarwa. Dokokinmu na zamanin soja ne, kuma ban ga aibunsu ba. Ana rufe ƙofa bakwai da rabi. Ana duba farce, ana duba yunifom, ana duba takalmi. Wanda ya makara sau uku a zango ɗaya zai yanke ciyawa. Wanda ya yi wa malami ƙarya kuwa, za a kira sunansa a asambule a gaban kowa, ya tafi gida mako biyu.

Wannan ita ce shekarar da sojoji suka shirya miƙa mulki ga farar hula. An gama zaɓe, ana jiran ƙarshen watan Mayu. A farkon watan, wata Talata, yarinyar ba ta zo awo ba. Ni na buɗe ma'aunin, na tarar da shi a bushe. Sai da ƙarfe tara ta wuce sannan ta shigo aji, ina tsakiyar darasi.

Na ce, "Daga ina?"

Ta ce, "Daga gida, Malam. Ruwa ne ya tsare ni."

"Wane ruwa?"

"Tun asuba ake yi a wajenmu. Rafin bayan gidanmu ya shafe katakon da muke takawa, sai da na jira ya janye."

Ban yi fushi ba. Na bi abin daki-daki yadda na saba. Na dubi yunifom ɗinta, a bushe. Na dubi takalminta, fes, babu ko ɗigon laka. Na leƙa ta taga, sama garau. Na kuma tuna abin da ni da kaina na koya musu daga littafin karatu, cewa ruwan farkon damina da yamma yake zuwa, bayan rana ta gasa ƙasa. Sai na tasa ajin gaba ɗaya zuwa bayan waya, na ce ta ciro kwalbar ta kifa ta. Ta kifa. Ko ɗigo bai faɗo ba.

Na ce, "Rubuta abin da kika gani."

Ta rubuta sifili. Sannan ta ce a hankali, "Malam, a nan ne ba a yi ba."

Ajin ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Gajimaren naku ne ku kaɗai? A tsakar gida kuka ɗaure shi?" Na tsawata musu, na karɓi littafin daga hannunta. Kafin tashi na rubuta takardar kora ta mako biyu. Na san jarrabawar fita daga aji uku tana tafe a watan Yuni, na kuma san mako biyun zai ci mata bita. Na ga ba laifina ba ne.

Washegari mahaifiyar ta zo, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, da ɓurɓushin auduga a ɗankwalinta. Shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Dattijo ne mutumin Nasarawa, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, ba abin da ya ƙi kamar hayaniya.

Ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Kai ne ka ce 'yata maƙaryaciya ce?"

Na ce, "Ba ni na ce ba, Madam. Ma'auni ne ya ce."

"To, a kai ni in gaishe shi."

Muka fita mu uku. Ta tsaya a bakin waya ta dube shi, ta shiga, ta ɗora tafin hannunta a kan mazurarin. Hannun ya kusa rufe shi.

Ta ce, "Wannan ne? Bakinsa bai kai murfin tukunyar miyata ba. Shi ne yake ba ka labarin Kaduna duka, daga gada har Unguwar Boro? Duro biyu na tara jiya da safe. Zo ka tambayi maƙwabta."

Na ce, "Maƙwabta za su faɗi abin da zai yi miki daɗi. Ba a auna ruwa da baki."

"Malam, soja fa sun kusa tafiya. Yanzu ko ɓarawo aka kama sai an ji ta bakinsa."

Shugaban ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya ce, "Malam, yaya za mu yi?"

Na ce, "Yallaɓai, a auna." Na kawo shawarar da kaina, don na tabbata ita za ta fitar da ni. Za a kai ma'auni Unguwar Boro da wasu unguwanni. In aka samu rana ɗaya tak da ruwa ya sauka can bai sauka a Barnawa ba, ni zan yaga takardar. In ba a samu ba har Juma'ar da ta gabaci bikin miƙa mulki, za a kira sunan yarinyar ranar Litinin, ta tafi gida. Shugaban ya saka takardar a durowa ya kulle. Mahaifiyar ta ce ta yarda, ta ƙara da cewa Allah ne mai ruwan, ba ni ba. Na ce ban taɓa cewa nawa ne ba.

Na samo gwangwanayen madarar gari guda shida masu girma ɗaya, na yanke leɓen bakinsu har faɗin baki ya yi daidai da faɗin gindi. Na ajiye ɗaya kusa da ma'aunin makaranta. Sauran na raba wa ɗalibai biyar: na Trikania, na Kakuri, na Narayi, na Sabon Tasha, sai ita yarinyar. Na rubuta ƙa'idojin a allo, suka kwafa. A ajiye gwangwani a fili, nesa da rufin ɗaki da bishiya. A daidaita shi kada ya karkace. Kowace safiya a tsoma busasshen tsinken tsintsiya a tsaye har ya taɓa gindi, a ciro, a auna inda ya jiƙe da rula. A rubuta, a zubar da ruwan, a mayar da gwangwani.

A makon na sake yi musu darasin yadda ruwa ke sauka. Da farko iska mai laima tana tasowa daga teku, can kudu, ta iso mana a wannan lokaci na shekara. Sai rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska in ta ɗumama takan yi sama. Can sama akwai sanyi, sai laimar ta koma 'yan ƙananan ɗigo, su taru su zama gajimare. In ɗigon suka haɗu suka yi nauyi, iska ta kasa riƙe su, sai su faɗo. Na zana gajimaren a allo mai tulin kai, na ja layukan ruwa a ƙarƙashinsa, kamar yadda nake zanawa kowace shekara.

Ruwa na farko bayan raba gwangwanayen ya zo ranar Alhamis da la'asar. Hadari ya taso daga gabas ya rufe garin baki ɗaya, iska ta kwashe kwanon rufin wani shago a layinmu na Trikania. Da safe kowa ya zo da awonsa, babu mai sifili. Na ce wa ajin, "Kun gani ko? In an yi, an yi." Sai dai lambobin ba su zo ɗaya ba. Na Kakuri ya ninka na makaranta sau uku, na Narayi bai kai rabi ba. Da na bincika, ɗalibin Kakuri a ƙarƙashin indararo ya ajiye nasa, ta Narayi kuma kaji sun riga ta zuwa wurin gwangwanin. Na yi musu faɗa, na gyara musu. Wannan ya ƙara mini tabbacin cewa duk bambancin da za a gani daga hannun mai awo yake.

A mako na biyu, wata safiya yarinyar ta zo da wuri, ta miƙo mini takardarta. Milimita tara, ruwan yammacin jiya. Na makaranta sifili ne. Trikania, Kakuri da Narayi duk sifili.

Na ce, "Gwangwanin a gidan mai ƙara yake. Wa ya ga lokacin da ruwan ya shiga?"

Ta ce, "Mama ta gani."

"Mama kuma ita ce lauyarki."

Ta sunkuyar da kai ta koma wurin zamanta. Abin da ya tsaya mini shi ne takardar Sabon Tasha, wadda ta nuna milimita biyu. Na ce wa ajin wataƙila raɓa ce. Na san raɓa ba ta tara haka a gwangwani, kuma ban ji daɗin abin da na faɗa ba. Na yanke cewa zan je in duba gwangwanin Unguwar Boro da idona. Na tabbata zan same shi a gindin rufi ko a bakin famfo.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin wa'adin, na yi sallar azahar, na hau kekena. Zafi ake yi mai nauyi, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. Na bi ta Kakuri, na hau titin Kachia, na wuce Sabon Tasha. Na yi tambaya sau biyu kafin na samu gidan, a ƙarshen layi, kusa da rafi.

Mahaifiyar tana shanya kaya. Ta ce, "A'a! Sufeto da kansa. Ke, kawo wa Malam kujera da ruwa. Na randa fa, kada ya ce mun ɗebo daga gwangwaninsa."

Na sha ruwa, na ce a nuna mini gwangwanin. Yana tsakiyar ɗan filin da suka shuka masara a bayan gida, a kan bulo. Na ƙirga taku goma sha biyu daga rufi. Babu bishiya kusa. An kafa ƙirare kewaye da shi saboda kaji. Na ɗora rula a bakinsa, bai karkace ba. Na bi ƙa'idojin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda aka karya, ban samu ba. Yarinyar ta nuna mini katakon da suke takawa a kan rafin. Akwai busasshiyar ciyawa da leda maƙale a jikin wani kututture, sama da katakon da kamar kamu biyu.

Ina cikin dubawa sai iska ta canza. A gabas wani gajimare ya tashi, kansa fari tas, gindinsa baƙi. Mahaifiyar ta fara kwashe shanyarta.

Ta ce, "Malam, shigo baranda. Shaidata ce ta iso."

Ruwan ya sauko da ƙarfi. Na zauna a baranda inda nake hango gwangwanin, ban ɗauke ido daga kansa ba, don kada a ce daga baya wani ya taɓa. Muna zaune mahaifiyar ta ɗaga murya saboda ƙarar kwano, ta ce, "Ka san abin da ya sa ka ga takalminta fes ran nan? A famfon tasha ta tsaya ta wanke. Ta ce gara ta ƙara minti biyar a kan makararta da ka ga laka a ƙafarta."

Na dubi yarinyar. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon ruwa. 

Bayan kamar minti arba'in ya koma yayyafi. Na zari tsinke daga tsintsiyarsu, na fita, na tsoma, na auna. Milimita goma sha huɗu. Na rubuta a takarda, na sa hannu, na sa mahaifiyar ta sa hannu. Har lokacin ban karaya ba. Na ce mata ruwa irin wannan ba ya tsallake Barnawa, yanzu zan je in duba ma'aunin makaranta, za mu ga lamba kusa da wannan. Ta ce in gaishe mata da shi.

Ban jira yayyafin ya ɗauke ba. Kafin in hau kwalta laka ta ɓata mini wando har gwiwa, riga ta jiƙe. A Sabon Tasha kwatoci na gudu, masu shaguna na share ruwa daga ƙofa. Da na ci gaba sai kududdufai suka fara raguwa. Can gaba kaɗan, kafin kwanar da ake shiga Barnawa, kwaltar ta rabu biyu. Bayana baƙa ce mai sheƙi, gabana fara ce busasshiya. Na ja birki na sauka. Tayar baya tana kan jiƙaƙƙen wuri, ta gaba tana kan busasshe. Taku kaɗan a gabana wata mata ta baza garin rogo a kan buhu tana sayarwa, ko rufe shi ba ta yi ba. Wani mai faci da ke zaune a kan taya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Oga, kogi ka faɗa ne?"

Na isa makaranta la'asar ta yi. Baba mai gadi ya buɗe mini ƙofa yana cewa, "Malam, a ina ka samo ruwa? Mu nan tun safe muke roƙo." Na wuce bayan waya. Na ciro kwalbar, na kifa ta. Wani ƙaramin gizo-gizo ne ya faɗo ya gudu. Gwangwanin madarar da ke gefe shi ma a bushe yake, har da zafin rana a jikinsa.

Daga nan na juya na dubi inda na fito. Gajimaren yana nan, shi kaɗai a sama, ya matsa yamma. A ƙarƙashinsa ruwa na zuba kamar labule mai launin toka, kuma labulen yana da gefe na dama da gefe na hagu. Abin da nake zanawa a allo ke nan shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa tambayar kaina faɗinsa ba, ban kuma taɓa tambaya me ke faruwa da wanda ke tsaye a gefen zanen ba.

Ranar Litinin na riga shugaban zuwa ofis. Da ya zo na ce, "Yallaɓai, a ba ni takardar nan, a kuma ba ni minti biyar a asambule." Ya dube ni, ya buɗe durowa, ya miƙo mini ita.

Bayan addu'a da taken ƙasa na hau dandamali. Na kira sunan yarinyar, ta fito. Filin ya yi tsit, don kowa ya san abin da kiran suna ke nufi. Na ce, "Abu uku zan faɗa. Na ɗaya, wannan yarinya ba ta yi ƙarya ba. Na biyu, ma'auni ma bai yi ƙarya ba. Abin da ya shiga bakinsa shi ya faɗa mana, ni ne na ɗora masa abin da bai gani ba. Na uku, ni na yi kuskure, a gaban ajinta na yi, shi ya sa nake gyarawa a gabanku." Na yaga takardar gida huɗu, na saka a aljihu don ba a zubar da shara a filin asambule. Na miƙa mata littafin awo. Ta ɗan rusuna ta karɓa da hannu biyu.

A aji ranar na raba allo biyu. A dama na rubuta "yanayin yau", a hagu "yanayin shekaru". Na ce yanayin shekaru shi ne halin gari, wanda ake sani bayan an tara awon shekaru masu yawa daga wurare masu yawa: damina daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwa ya fi yawa a Agusta, na farkon damina ya fi zuwa da yamma. Wannan gaskiya ne ga Barnawa da Unguwar Boro baki ɗaya. Yanayin yau kuwa shi ne abin da ya faru a wuri kaza, a sa'a kaza. Halin gari bai hana ruwa sauka da asubar wata Talata ba, kuma gajimare ɗaya yana iya jiƙa unguwa ya bar maƙwabciyarta. Na sa kowa ya zana gajimaren, ya zana gida ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗaya a gefe.

Makarar tata dai ta uku ce a zangon, kuma doka ba ta ce ban da ruwa ba. Ta yanke ciyawa ranar Laraba, rabin abin da aka saba, na tsaya har ta gama. Ba ta rasa bita ko ta kwana ɗaya ba, ta zauna jarrabawarta tare da 'yan ajinsu.

Abu biyu na canza. Na bi shafukan littafin awo da suka rage, na soke "Ruwan Kaduna", na rubuta "Ruwan filin makaranta". Sannan na nemi izinin shugaba na ƙara layi ɗaya a ƙasan dokokin da ke manne a bakin ƙofa: wanda ruwa ya tsare a hanya, kada ya wanke takalminsa sai malamin ladabtarwa ya gani.